Likita, yaya zan gane motsa jikin ya isa?

Tambaya: Salam likita, shekarata 50 kuma ina da hawan jini, an ce in riƙa motsa jiki saboda zuciya amma ban san iya wahalar da zan ba kaina ba. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, kuma tafiya da sauri ma ta wadatar. In kana tafiya kana ɗan haki amma kana iya hira da na kusa da kai to daidai kake, in magana ta gagara sai ka sassauta. In kana son lissafi cire shekarunka daga 220, naka 170 kenan, shi ne iyakar bugun zuciyarka a minti. Lokacin motsa jiki bugun ya tsaya tsakanin rabin wannan da kashi 70 cikin 100 nasa, wato 85 da 119 a minti. Amma fa in kana shan maganin hawan jini mai suna atenolol lissafin nan ba zai yi maka aiki ba don maganin yana rage bugun. Fara da minti 10 bayan asuba kafin rana ta take, kana ƙarawa a hankali. Da ka ji ciwon ƙirji ko jiri, don Allah tsaya nan take ka nufi asibiti.