Wanda aka taɓa kamawa da ƙarya, ana karɓar shaidarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Birni ne a nan Damagaram. Mahaifinmu ya ba wani mutum jinginar gonarsa a wajen Mirya, bai fanshe ba har Allah ya yi masa rasuwa. Da muka kai kuɗin, sai mutumin ya ce ai sayarwa aka yi. Babu takarda, kuma cikin waɗanda suka halarci maganar saura mutum ɗaya a raye, shi ma ya ce jingina ce. Sai dai abokin rigimarmu yana cewa an taɓa kama wannan dattijo da ƙarya a wata shari'a. Mu dai yanzu ba mu ganinsa sai a masallaci. Shin shaidarsa za ta tsaya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Ɗan'uwa, shaida a shari'a ba ta tsayawa sai a bakin adali. Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 2, a kafa shaidu biyu adilai, a Baƙara aya ta 282 kuma ya ce daga cikin waɗanda kuka yarda da su. Risalar Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wadda almajirai ke biyawa a zaurukan garin nan, ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa shaidar wanda aka jarraba shi da ƙarya ba ta halatta.

To amma wace irin ƙarya ce aka kama dattijon da ita? Nan hukuncin yake, kai kuma ba ka fayyace mini ba. Shaihu Halilu a Muhtasar ya sharɗanta wa adali kada ya zama mai yawan ƙarya, masu sharhi suka ce ƙarya ɗaya a shekara, wadda ba ta jawo ɓarna ba, ba ta zubar da adalcin mutum, ko da yake zunubi ce. Wanda kuwa ƙarya ta zama masa ɗabi'a a kasuwa da majalisa, ba a karɓa daga gare shi har sai ya tuba, an kuma ga tubar a jikinsa tsawon lokacin da zuciya za ta natsu. Ƙofar nan a buɗe take. Ko wanda aka yi wa bulala 80 saboda ƙazafi, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suna karɓar shaidarsa idan ya tuba ya gyaru, saboda togaciyar da ke aya ta 5 ta Suratun Nur. Hanafiyya ne suka ce tubar tana ɗauke masa sunan fasiƙi amma ba ta mayar masa da shaida.

Idan kuwa abin da ya faru shi ne ya tsaya gaban alƙali ya shaidi abin da ya san ƙarya ne, da gangan, wannan shaidar zur ce, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya lamarinta ya fi tsanani. A hadisin Abu Bakrata da ke Buhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) yana lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. An ruwaito daga Imamu Malik a littafin Mudawwana cewa ba a ƙara karɓar shaidar irin wannan mutum ko ya tuba. Halilu ya ce akwai kai-komo a kan karɓarsa, masu sharhi suka bambance: in dama a lokacin da ya yi zur ɗin ana ganinsa mutumin kirki ne, to ba a sake karɓa, domin da me za a gane ya canza? Sallar da kuke gani yau, da ita aka san shi ranar da ya cuci wani. In kuwa a lokacin sanannen mashashaci ne, daga baya ya shiryu shiriya bayyananna, nan ne malamai suka saɓa. Wannan hukunci bai taɓa tubarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Dukiyar mutane ake karewa, kuma ni ina ganin wannan tsanani rahama ne, musamman a zamanin da ake iya samun mai shaida da 'yan jikkuna kaɗan.

Sai dai shi ma abokin rigimarku ba a karɓar sukarsa da fatar baki. Yana da haƙƙin a ba shi dama ya soki shaidarku, amma sai ya kawo adilai biyu da suka san abin da ya faru, kamar yadda wanke mai shaida, wato tabbatar da adalcinsa, ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Sau da yawa abin da ake kira ƙarya kuskure ne ko mantuwa, ko kuma shaidu ne suka saɓa alƙali ya rinjayar da ɗaya ɓangaren. Wannan ba zur ba ce. In bai iya tabbatar da sukar ba, kuma adilai biyu suka ce dattijon adali ne yardajje, shaidarsa ta tsaya, ku haɗa da rantsuwarku, tunda a Malikiyya ana hukunci da shaida ɗaya da rantsuwa a sha'anin dukiya. Amma kada ka rantse sai kana da yaƙini a kan jinginar.

In kuma zur ta tabbata a kansa, maganarsa ta faɗi a matsayin shaida, amma ba ta zama shara ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta ce a bincika labarin fasiƙi, ba ta ce a jefar ba, kuma Annabi (SAW) ya ce wa Abu Huraira game da Shaiɗan: ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Ku zauna da dattijon, ya faɗa muku shekarar, da adadin kuɗin ko damman hatsin da aka karɓa, da wanda ya raka mahaifinku. Da wannan ku nemi maƙwabtan gonar da mai gari da waɗanda suka taɓa jin mutumin da bakinsa yana cewa gonar jingina ce. Sarakunan gargajiya a Nijar suna da hurumin sasanta rigimar gona kafin a kai kotu, ku fara daga can. In ba a samu kowa ba, rantsuwa ta koma kan wanda ya musanta, in ya rantse a kan ƙarya gonar ba ta halatta gare shi ba.

Duk yadda ta kaya, ku rubuta abin da aka tsayar a gaban hukumar filaye da ake kira Cofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, da sa hannun shaidu matasa baligai tare da dattawa. Allah ne mafi sani.