Ina kifi ina ƙwaƙwalwar mutum?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen bayoloji, na ji wai ana amfani da wani ɗan kifi, kifin zebra, wajen nazarin furotin ɗin da ke jikin fatar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Don Allah me kifi zai faɗa mana a kan mutum?

Amsa: Yauwa ƙanwata. Kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa akwai siririyar fata da ta lulluɓe ta, a jikin fatar nan kuma akwai furotin masu aiki kamar ƙofofi, wata ta buɗe sodiyam ya shiga, wata fotashiyam ya fita, da haka saƙon lantarki ke tafiya. Ƙofa ɗaya in ta samu matsala tana iya jawo farfaɗiya. To ƙofofin nan na kifi da namu kusan ƙira ɗaya ce, a 2013 da aka fitar da taswirar ƙwayoyin gadonsa an ga wajen kashi 70 cikin 100 na namu suna da takwara a jikinsa.

Asalinsa ruwayen Indiya da Bangladesh ne, George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka shi ya ɗaga shi da aikinsa na 1981. Abin da ya sa ni dai nake son sa, ɗan tayinsa garau yake, kina hango ƙwaƙwalwar ta fata ba sai an yanka ba, sai a liƙa wa furotin ɗin wata alama mai ƙyallin kore da ake kira GFP a zuba masa ido a madubin ganin ƙananan halittu ana ganin inda yake taruwa alhali kifin na raye.

Ɗauki ciwon Dravet, muguwar farfaɗiya ce da ke kama jarirai tun ba su shekara ba, yawanci daga lalacewar wata ƙwayar gado ce mai suna SCN1A, wadda ke ƙera ƙofar sodiyam. Akwai kifin da takwarar wannan ƙwayar gado, mai suna scn1lab, ta lalace a jikinsa, za ki ga ɗan kifin ya zabura yana zagaye da gudu sai jijjiga, sannan ya yi lakwas. Scott Baraban na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko ya sa irin waɗannan 'ya'yan kifin ɗaya-ɗaya a faranti mai ramuka 96, kyamara na bin motsinsu, ya gwada magunguna 320 ta hanyar zuba su a ruwan kawai, a 2013 ya ba da rahoton clemizole, tsohon maganin alaji, ya kwantar da farfaɗiyar. Da ɓera za a yi wannan gwajin, kuɗi da lokacin da zai ci ba kaɗan ba ne.

Amma fa kar ki ɗauka an gama. Kifi ba shi da ɓawon ƙwaƙwalwa mai hawa-hawa irin namu, sau da yawa inda muke da ƙwayar gado ɗaya shi yana da biyu, ki kashe ɗaya ɗayar ta rufa mata asiri ki zaci ba abin da ya faru. Kuma maganin da aka zuba a ruwa da wuya a san nawa ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa duk abin da kifi ya nuna sai an sake gwada shi a ɓera da ƙwayoyin mutum kafin a je ga majinyaci.