Wasiƙar koke zuwa ƙaramar hukuma tana aiki kuwa?

Malam kana tambaya ko wasiƙarku kan borehol ɗin unguwa da ya lalace za ta kai gaban ciyaman. Tana kaiwa amma fa sai kun bi sawunta. Ku yi kwafi uku ku kai rajista a sakatariya, akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan naku, in ba haka ba wallahi gobe sai a ce ba a gan ta ba. Kuma kar mutum ɗaya ya sa hannu, ku haɗa da mai unguwa da liman da matasa, ɗayan kwafin ku miƙa wa kansilanku hannu da hannu don shi ne ya fi jin tsoron ƙuri'unku. In shirun ya yi yawa ku je Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta ne, tun 1975 take wannan aikin.