Amsar Maƙeri ga Yaronsa

Ɗana, ka tambaye ni: tunda fanka ta maye gurbin zuga-zugi, injin walda ya shigo maƙera, manoma kuma na sayen kayan kamfani a kasuwar Jega, me ya rage na ƙirar da nake koya maka? Ajiye awartakin nan ka saurara.

Canji ba yau ya fara ba. Kakanninmu tama suke haƙowa su narka da kansu. Iyayenmu suka bar wannan wahala suka koma ƙarfen tsofaffin motoci, kuma ba wanda ya daina kiransu maƙera. Fanka kuwa ta hutar da kafaɗarka, ka gode wa Allah.

Amma fanka ba ta san ƙarfe ba. Sifirin mota, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗaukar nauyin mota, yana riƙe kaifi. Rodin gini ba ya riƙewa, ko ka kwana kana wasa shi. Idan ka yi wa mutum lauje da rodi saboda araha, zai yi kyau a ido, sai ya shiga gona ya dakushe kafin azahar. Shi ba zai gane ba lokacin saye. Kai ka sani, Allah kuma ya sani. Wannan shi ne abin da ba na son ka saki, ko da duk kayan maƙerar nan sun canja.

Sai kuma wuta. Ka kalli launin ƙarfe a inuwa, don hasken rana yana ruɗin ido. In ya yi ja sosai, lokacin duka ya yi. In ya fara fari yana tartsatsi, ka ƙone shi. Sifirin mota mai zafi in ka tsoma shi cikin ruwan sanyi yana iya tsagewa, shi ya sa nake sa shi a baƙin mai, in sake ɗumama shi kaɗan don kada ya karye wurin aiki. Gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta, sai dai itacen na ƙaranci, kada ka yi almubazzaranci da shi.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Kebbi a 2015, noman rani ya bunƙasa, injunan ban ruwa suka cika fadamar Argungu da Suru. Yau ana kawo mana gyaran da mahaifina bai taɓa gani ba. Ka koyi waldar da kyau, ban hana ka ba, ni ma ina amfani da ita. Sai dai duk wanda ya zo neman kalme, wato fartanya, ka fara tambayarsa inda yake noma. Lakar fadama nauyi gare ta, tana son baki mai kauri da ƙota mai ƙwari. Yashin tudu ba ya bukatar haka. Ka duba tsawon mutumin ma kafin ka yanke ƙotar, don bayansa ne zai sha wuya in ka yi kuskure. Kamfani bai san gonarsa ba.

Tashi ka ɗauko sifirin can da guntun rodi, ka sa su a wuta tare. Ina son hannunka ya ji bambancinsu a ƙarƙashin masaba.