Gyaran da laburaren katsewar Timer1 yake buƙata

Malam, ka tambaya ko za a iya dogara da laburaren (tarin umarnin manhaja) da ka rubuta wa Timer1, wato ɗaya daga cikin ma'aunan lokaci na ƙaramin allon kwamfuta Arduino Uno, wanda zai riƙa kunna famfon ban-ruwa a gonarka ta fadamar Sakkwato. Na karanta shi, tsarinsa ba laifi, amma da sauran gyara.

Babbar matsalar tana wurin ƙidayar da kake ƙarawa a cikin aikin katsewa, wato ɗan aikin da Timer1 yake sa a dakatar da babban shiri domin a gudanar da shi. Ka sa mata volatile, alamar da ke nuna tana iya canzawa a kowane lokaci, kuma hakan daidai ne, sai dai ATmega328P, ƙwaƙwalwar Uno, bit 8 (bayit ɗaya) yake sarrafawa a lokaci guda, alhali ƙidayarka nau'in lamba ce ta unsigned long mai bayit 4, saboda haka idan katsewa ta faɗo ana tsakiyar karanta ta, za ka samu rabin tsohuwar lamba haɗe da rabin sabuwa. Irin wannan kuskure yakan yi kwanaki bai bayyana ba, sai wata rana famfo ya tashi da tsakar dare. Ka rufe katsewa da noInterrupts, ka kwafe ƙidayar, sannan ka buɗe.

Lissafinka ma ya zarce da ɗaya. Agogon 16 MHz idan an raba shi da 64 yana ba da bugu 250,000 a daƙiƙa, don haka idan ana son katsewa sau 1,000 a daƙiƙa, OCR1A, lambar da Timer1 yake ƙirgawa zuwa gare ta kafin ya katse, ya kamata ya zama 249, ba 250 ba, tunda daga sifili ake fara ƙirga. In ka bar shi haka, agogonka zai riƙa makara da kusan minti 6 kullum.

Ka cire Serial.print, umarnin aika rubutu zuwa kwamfuta, daga cikin katsewa, ka bar wa loop, babban shirin da ke ta maimaituwa, wannan aikin. Ka kuma sanar da masu amfani cewa laburaren Servo, na sarrafa ƙananan injinan juyawa, shi ma Timer1 yake riƙewa a Uno, don haka ba za su zauna tare ba.