Ɗumi da haske a kejin mesa mai dunƙulewa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fitila ɗaya ta ishi 'yar mesarka. Ba ta isa ba, haske daban, ɗumi daban. Gefe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan ya tsaya wajen 25, ita za ta zaɓa. A dazukan Gana da Togo cikin rami ko tsohon suri take wuni, don haka ka sa mata maɓoya a kowane gefe.

Don Allah kada ka jona abin ɗumama keji babu na'urar daidaita zafi. Na taɓa ganin wadda cikinta ya ƙone ya yi jawur, har yau abin yana damuna.

Fitila awa 12, da dare a kashe. Da hunturu ka riƙa yayyafa ruwa, kada saɓarta ta maƙale.