Amsar Anti kan ƙafafun Baba da faɗuwar da yake yi bayan wankin ƙoda

Jama'a ga muryar da Anti ta turo jiya da dare, na rubuta ta don waɗanda ba su da datar saurare, yadda ta faɗa haka na sa.

Assalamu alaikum 'yan gida, an wuni lafiya. Maman Hanifa na saurari saƙonki, Allah shi ba Baba lafiya shi sa kaffara ne. Abin da na fahimta, shina da ciwon suga da daɗewa, yanzu kuna kawo shi Gusau wankin ƙoda sau biyu a sati, ƙafafu sun mutu bai jin ƙasa sosai, ya faɗi a tsakar gida, shi ne kunka hana shi tashi sai da dalili, kina tambaya ko daidai ne. To gaskiya ƙanwata ba daidai ba ne, na san tausayi ne ya sa, amma zaman nan shi ka ƙarasa ƙafar. Aikin gashin ƙashi nike yi, kuma tsohon da anka kwantar wata guda don tsoron faɗuwa, ranar da zai tashi cinyoyin sun zube, faɗuwar da ake gudu ita za a samu.

Ki fara gane mi ke kada shi. Suga in ya daɗe shina cin jijiyoyin tafin ƙafa, to tafin ƙafar nan shi ka gaya ma ƙwaƙwalwa inda mutum ya taka, in saƙon bai zuwa sai mutum shi riƙa tafiya kamar wanda ya taka katifa. Ga ƙarancin jini da ciwon ƙoda ke kawowa, ga ido in suga ya taɓa shi. Sannan babban shi ne ranar wanki, injin nan cikin awa 4 zai janye ruwan da ya taru na kwanaki, jini shi yi ƙasa, mutum na miƙewa sai jiri. Kuma faɗuwarsu ba irin tamu ba ce, ƙashin mai ciwon ƙoda bai da ƙwari, ƙugu na iya karyewa, kuma akwai maganin hana daskarewar jini da ake sa musu lokacin wanki, don haka in ya bugi kai ranar nan ko bai yi ƙorafi ba a koma asibiti, kar a ce a bari a gani.

Saboda haka ranar wanki ba ranar motsa jiki ba ce a gida, shi huta. In an cire shi daga inji kar shi yi zumbur shi miƙe, shi zauna bakin gado shi sauko da ƙafafu shi ɗan jima, sannan a kama shi. Ku da kuke komawa Mafara ga zaman mota ga zafi, in kun isa ma haka, a buɗe ƙofa shi zauna tukun. Washegari ita ce ranar aiki.

Kafin komai a duba ƙafa, kullum, wanga ba wasa ba ne. Ki sa a duba tafin, dunduniya, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da tocila in ɗaki ba haske. In akwai gyambo ko bororo ko wuri ya yi baƙi, ba tsayuwa ba tattaki, sai likita ya gani. Haka in ƙafa guda ta kumbura ta yi zafi fiye da 'yar uwarta ko da shi bai jin ciwo, kar shi taka ta kuma kar a kai wurin mai ɗori, asibiti za a je, don ƙasusuwan ciki na iya rugujewa mutum bai sani ba.

In ƙafa lafiya take to a fara daga zaune, kan kujera mai ƙarfi wadda aka jingina da bango, ba ta roba mai gudu ba. Shi ɗaga yatsu sama shi danna ƙasa sau 10, shi juya idon sawu dama da hagu, a shimfiɗa mai ɗan tawul a ƙasa shi riƙa jawo shi da yatsu, shi miƙe gwiwa shi riƙe ya ƙirga biyar sannan shi sauke a hankali. Wanda na fi so kuma, wallahi in ɗaya kaɗai zai yi to wanga ne, tashi da zama. Shi tashi daga kujera shi koma a hankali ba faɗawa ba, a fara da sau 5, in ya saba a kai 10. Shi ne ƙarfin da zai tashe shi daga gado da bayi ba sai an ciccibe shi ba, kuma kin san dattawanmu, ciccibar nan ta fi ciwon ci musu rai.

Bayan sati ɗaya ko biyu sai a tsaye, shi dafa bango ko bayan kujera, wani ƙaƙƙarfa na gefenai, ba Hanifa ba don Allah. Shi yi ɗage kan yatsu shi sauko, shi ɗaga ƙafa guda na ɗan lokaci shi canza, shi sa ƙafa gaban ƙafa dunduniya na taɓa yatsu. Sai tattaki a tsakar gida minti 5 da sanyin safe ko bayan la'asar, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Ba cikin rana ba, don an ƙayyade mai ruwan sha, ba za a ce shi yi zufa shi ɗirki moɗa biyu ba. In ya ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa ko jiri a tsaya nan take.

Ban ji kin faɗi inda anka sa mai hanyar wanki ba. In ta hannu ce wadda anka haɗa jijiya, kar a ja shi da hannun, kar shi ɗauki nauyi da shi ko shi kwanta kanshi. In kuwa roba ce a matsematsi to a bar duk abin da zai lanƙwashe cinya da yawa, ki tambayi nas ɗin da ke kanshi mi aka yarda shi yi. Ki ma tambaye su ko zai iya motsa idon sawu shina kan inji, akan yi shi a awa 2 na farko in jini bai sauka ba.

Suga kuma a auna kafin a fara, musamman in allurar insulin shike yi, don ƙoda ce ke taimakawa wurin fitar da ita, in ta gaza allurar na daɗewa a jiki suga shi faɗi. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a wata irin na'urar, ko ya fara karkarwa da zufa, a ba shi sukari ƙaramin cokali 3 cikin ɗan ruwa kaɗan. Ba lemu ba, ba ayaba ba, ba dabino ba, waɗannan suna da sinadarin fotashiyam da yawa kuma shi ƙodar ba ta fitar da shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ka kai mutum ga yanke ƙafa. Kar shi taka ƙasa ba takalmi ko a ɗaki, balle simintin masallaci da azahar a watan bazara, zai toye bai ji ba. Takalmi mai rufi mai laushi, a kakkaɓe shi kafin a sa, silifas ɗin nan mai santsi a ɓoye shi. Bayan alwala a goge tsakanin yatsu, a shafa mai a dunduniya saboda faso amma banda tsakanin yatsu. Ruwan zafi ke za ki taɓa da gwiwar hannu kafin shi sa ƙafa, da hunturu kuma ban da miƙa ƙafa ga kaskon wuta, kuma don girman Allah a daina kiran mai yankan farce na hanya shi zo da reza shina kankare kaushi. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a aje tocila kusa da filo saboda ɗauke wuta, a samo kujerar bayi. Sallah in jiri na ɗibarshi shi yi a zaune, addini ya yi sauƙi a nan.

Ki ɗauko min hoton tafin ƙafafun biyu gobe da safe, ki turo ta lambata ba cikin guruf ba, ki haɗa da sunayen magungunan da shike sha. Ki gaishe da Inna da jinya.